Ranar da Gwadabe Ya Kalli Surukarsa

A Tudun Wada ta zamanin da jirgin ƙasa bai daɗe da zuwa Zariya ba, in ka ji an ce "marar kunyar nan", ba sai an faɗi suna ba, Gwadabe ake nufi. Ɗan wani majemi ne daga cikin birni. Ya gudu daga jima saboda wari, ya je ya yi dako a tashar jirgi aka kore shi saboda surutu, ya taɓa tallan goro ya cinye rabin huhun da bakinsa. Daga ƙarshe ya faɗa wani ƙaramin asibiti da Turawa suka buɗe a gefen unguwa, ya zama diresa, wato mai wanke gyambo da naɗa bandeji. Wanda ya gudu daga warin fata sai ga shi ya ƙare a warin gyambo, kuma a nan ya zauna har furfura ta cika masa gemu.

Gwadabe ba mugu ba ne. Idonsa ne dai ba ya sauka ƙasa, bakinsa kuma ba ya rufuwa. Yana gaida dattijo yana ƙare masa kallo tun daga rawani har takalmi, in ya ga abin dariya kuma a nan take zai faɗa. Mutum ɗaya ne tak a duniya yake sa shi ya natsu, ita ce surukarsa, Inna Maijidda mai waina, uwar matarsa Atika.

Kunyar suruka ba sabon abu ba ce, kowa yana yi. Amma ta Gwadabe ta wuce ta mutane, sai ka ce duk kunyar da ya hana duniya ce ya tara ya juye wa tsohuwar nan. Tun da ya auri Atika, har suka haifi yara, bai taɓa ganin fuskar Inna ba. Ƙafafunta ya sani, da fasonsu da lallensu, sai kuma muryarta in tana yi wa masu sayen waina faɗa. In ya je gaisuwa, a zaure yake tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaida bango, ita kuma ta amsa wa bangon daga ciki. Wata rana suka yi kiciɓis a wani lungu da ba shi da wajen ratsewa, sai kawai ya faɗa kududdufi da rigarsa ta Juma'a, ya tsaya a ruwa har wuya sai da ta wuce.

Wannan kunyar ita ce kaɗai abin kirkin da ake faɗa a kansa, kuma ya sani. Dattawa kan ce, "Yaron nan ba shi da ta ido, amma dai ya san surukai." Ita kanta Inna, wadda ba ta kiransa da komai sai "wancan", an taɓa jiyo ta tana cewa, "Wancan, ko da warin asibitinsa, yana da kunya." Da maganar ta iso kunnen Gwadabe, ya yi ta fara'a har marasa lafiya suka zaci an yi masa haihuwa.

Likitan asibitin wani Bature ne dogo da ake kira Jan Kunne, don da rana ta taɓa shi ko ransa ya ɓaci, kunnuwansa ne ke fara sanar da jama'a. Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "maza maza" ba, saboda haka Kefas, babban diresa, wani Kirista Bazazzagi da ya yi karatu wurin 'yan mishan, shi ke yi masa tafinta.

Wata rana aka kawo wani tsohon masaƙi a kan jaki. Diresoshi suka durƙusa suka gaishe shi, ido a ƙasa kamar yadda tarbiyya ta ce, suka tambayi 'ya'yansa, suka yanke cewa zazzaɓi ne, suka ɗura masa magani. Tsoho ya ƙware, ya kama wani irin tari mai gurgura har idanunsa suka firfito. Da ƙyar likita ya ceto shi. Gwadabe yana can baya yana tafasa bandeji, tarin kawai ya jiyo, amma bai manta shi ba.

Da yamma Jan Kunne ya tara su duka a gindin durumi, kunnuwan nan kamar an shafa musu jan barkono.

Kefas ya ce, "Yana tambaya, duk cikinku babu wanda ya ga bakin tsohon nan ya karkace?"

Can sai Muntaka, wanda ya fi su shekaru, ya yi gyaran murya ya ce, "Ranka ya daɗe, ai dattijo ne. Wane marar tarbiyya ne zai tsura masa ido?"

Da Kefas ya mayar da wannan cikin Turanci, likita ya dafe kai. Tun daga ranar aka sa darasi a gindin durumin nan kowace yamma, a kan ciwon da ke shanye ɓarin jiki. Likita ya ce a cikin kai abin yake faruwa, jijiyar jini ce ke toshewa ko ta fashe. Muntaka ya ce ƙasa-ƙasa, shi dai tun yana yaro ya san marin aljani ne, amma Bature ya faɗi nasa. Likita ya ce a fara da fuska: a kalle ta sosai, a sa mutum ya buɗe haƙora, a ga ko gefe ɗaya ya zube. A sa shi ya ɗaga hannu biyu, a ga ko ɗaya zai faɗi. A ja shi da magana a ji ko harshe ya karye. In an ga haka, kada a kuskura a ɗura masa komai, don maƙogwaronsa ma ya manta aikinsa, abin da aka zuba huhu zai tafi. A kwantar da shi ta gefe, a riƙa juya shi kada fata ta ɓare, a riƙa motsa masa hannu da ƙafar da suka mutu. Da aka tambaye shi ina maganin, sai ya ce ba shi da shi, jinya ce kawai da haƙuri. Wannan ya burge Gwadabe ƙwarai, don shi ne karo na farko da ya ji Bature ya ce bai iya wani abu ba.

Wahalar duk tana wajen kallon. Likita ya riƙa zaunar da su biyu-biyu suna fuskantar juna, ya ce kowa ya kalli ɗan'uwansa. Sai ka ga ƙarti masu gemu suna sunkuyar da kai suna ƙyalƙyala dariya kamar amare. Gwadabe kuwa abin nema ya samu. Halin da aka yi shekaru ana zaginsa a kai, yau Bature ne ke buga masa kafaɗa yana yabo. Ya bi Tudun Wada yana leƙa fuskar kowa. Har mai unguwa ya tare a hanyar masallaci ya ce, "Baba, ɗan buɗe mini haƙoranka in gani." Ya sha sanda a gadon baya, amma ya dawo asibiti yana ba da labari cewa hannun mai unguwa na dama lafiya ƙalau yake.

Ana nan, wata rana da hantsi, sai ga Atika a ƙofar asibiti, ga tsohon ciki, mayafi a karkace, tana haki.

"Malam, Inna ce. Ta faɗi a gaban tanda, ta kasa tashi."

Gwadabe ya yar da abin da ke hannunsa ya zura da gudu. Amma da ya isa gidan, ƙafafunsa da kansu suka tsaya a zaure, suka tuɓe takalmi, suka durƙusa. Cikin gida cike yake da mata, kuma muryar da ta fi tashi ita ce ta Saratu, ƙanwar Inna, wadda babu ciwon da za a yi a unguwar ba ta san sunansa da maganinsa ba. Ta riga ta yanke hukunci: yunwa ce da jiri, a dama kunu.

Ya ɗaga murya ta bayan zana. "Atika! Dubi bakinta, ya karkace?"

"Ta juya kai gefe, ba na gani sosai."

"To ce mata ta yi magana!"

"Haba Malam, ka manta ni 'yar fari ce? Ko lafiyarta ƙalau ai ba amsa mini take yi ba."

Gaskiya ne kuwa. Inna tana kunyar 'yarta ta fari kamar kowace uwa ta zamanin, ko sunanta ba ta faɗa. Ga suruki a zaure, ga 'yar fari a gabanta, shirun tsohuwa bai ba kowa mamaki ba.

Saratu ta leƙo, hannu a ƙugu. "Kai ne ma ka hana ta magana! Muryarka take ji, shi ya sa ta kau da kai ta yi gum. Wace mace ce mai mutunci za ta buɗe baki ta sha kunu surukinta yana jiyo ta? Tashi ka ba mu wuri. Da ka yi nisa za ta sha abinta ta miƙe."

Maganar ta shige shi, har da wani ɗan daɗi a ciki. Ashe ko a cikin ciwo Inna tana kunyarsa. Ya sa takalmi ya fita, ransa wasai don an raba shi da abin da yake tsoro. Bai kai ƙarshen katangar gidan ba sai ya jiyo tarin. Irin na tsohon masaƙin nan ne sak, mai gurgura, kamar ana zuba ruwa a buta.

Ya tsaya cak, kuma tsoro ya kama shi sosai. Ya san in ya shiga ɗakin nan, ɗan sunan kirkin da ya rage masa a Tudun Wada ya tafi ke nan. Ya kuma san in bai shiga ba, Saratu za ta ƙara ludayi na biyu, don a wurinta tari alama ce ta kunu ya fara aiki. Ya juya da gudu, ya ratsa zaure da takalminsa, sai da ya kai tsakar gida ya tuna ya yi sallama.

Mata suka watse suna salati. Ya doke ludayin daga hannun Saratu, kunu ya fantsama a bango. Ya durƙusa a gaban tabarma, ya ɗaga ido, ya kalli surukarsa.

Abin da ya fara ba shi mamaki shi ne ƙanƙantarta. Da jin muryarta ya ɗauka wata gabjejiyar mace ce, ashe 'yar firit ce mai zane a kumatu. Kuma ga hancin 'ya'yansa nan zaune a tsakiyar fuskarta, hancin da ya daɗe yana tambayar inda suka samo shi. Gefen dama na fuskar ya zube, yawu da kunu suna dalala. Idonta na hagu kuwa raye yake tar, yana kallonsa da fushin da ya isa ya dafa waina.

"Inna, ki gafarce ni," ya ce. "Buɗe mini haƙoranki."

"La'ilaha illallahu!" in ji Saratu. "Haƙoran surukarka? Yau mun ga ƙarshen duniya!"

Ya kama hannayen tsohuwa biyu ya ɗaga, ya saki. Na hagu ya tsaya, har yana neman kai masa duka. Na dama ya faɗi yaraf. Ya mirgina ta ta gefe, ya sa bakin rigarsa ya kwashe kunun da ke cikin bakinta, ya riƙa bubbuga bayanta har numfashi ya dawo daidai.

"Daga yanzu ba mai zuba mata komai a baki," ya ce. "Komai."

"Har rubutun da aka karɓo wurin malam?" in ji Saratu, tana nuna masa ƙoƙo.

"A shafa mata a jiki, Gwaggo. Allah Ya san inda ciwon yake, ba sai an bi ta maƙogwaro ba."

Da azahar Kefas ya zo da likita, suka duba ta, suka ce abin da Gwadabe ya gani shi ne. Aka yi maganar kai ta asibiti, idon nan na hagu ya ba da amsar da ba ta buƙatar tafinta. Sai jinya ta koma gida. Gwadabe ya so ya koya wa mata ya koma zaurensa, amma Atika ba ta iya ɗaga ko tulu saboda ciki, Saratu kuwa in an ce ta ba da kaɗan-kaɗan, sai ta ga ai rowa ce a yi wa marar lafiya haka. Dole shi ya riƙa zuwa da sassafe kafin aiki, ya dawo bayan la'asar. Da maƙogwaro ya fara dawowa, shi ke jingina ta da bango ta zauna sosai, ya ba ta kunu mai kauri a bakin cokali, ya jira ta haɗiye kafin ya ƙara. Shi ke juya ta, shi ke lanƙwasa mata yatsu yana miƙewa.

Unguwa kuwa ta samu abin taunawa. Dattawa suka ce dama sun sani, marar kunya ba ya tuba, ɓoyewa yake yi. In ya zo wucewa ta majalisa sai a ce, "A ba shi hanya, zai je ba surukarsa kunu a baki." Yakan mayar musu da wadda ta fi zafi, a yi dariya, amma abin yana cinsa a rai. Ba wanda ya ce ya ceci ranta. Abin da aka riƙe shi ne ya shiga da takalmi.

Da farko in ya shigo, Inna rufe idon take yi gam har ya gama ya fita. To amma Gwadabe bai iya shiru ba, ko a gaban gawa. Yana murza mata hannu yana zuba: yadda Muntaka ya naɗa wa wani bandeji a ƙafar da ba ta da ciwo, yadda akuya ta shiga ofishin likita ta cinye masa hula, yadda Kefas yake rage zagin Bature in yana tafinta, ya mai da "wawaye" ta koma "'yan'uwa". Wata rana yana kwaikwayon tafiyar Jan Kunne sai ya ji wani sauti. Ya tsorata, ya zaci ƙwarewa ta yi. Ashe dariya ce, da rabin baki.

Da harshe ya fara saki, maganar farko da aka gane a bakinta ita ce wainar Saratu ba ta ciwuwa. Daga nan fa aka buɗe. Ashe tsohuwar nan ta fi shi baki nesa ba kusa ba. Ta san asirin kowane gida daga Tudun Wada har Gyallesu, don wanda ya zo sayen waina ba ya tafiya da labarinsa. Shi ya kawo na asibiti, ita ta kawo na unguwa da karyayyen harshenta, su yi ta yanka mutane har Atika ta leƙo ta ce su ji tsoron Allah. Gwadabe tun yana ƙarami uwarsa ta rasu, bai san daɗin zama da tsohuwa ba sai a ɗakin nan. Ya kai ga tun azahar yake ƙosawa la'asar ta yi, in abin dariya ya faru a wurin aiki kuma sai ya adana shi, ya ƙi ba kowa sai ita.

Ƙafa ta fara dawowa, har tana takawa da sanda. Hannun ne ya ƙi. Kullum in ya gama murzawa sai ya sake shi ya ce, "Inna, ɗaga." Kullum hannu yana kwance a cinyarta kamar ba nata ba. Damina ta wuce a haka, Atika ta haihu, aka yi suna, aka fara girbi.

Wata yamma ya zo da labari mai daɗi a bakinsa, ya ce sai an gama aiki zai ba ta. Ya murza, ya lanƙwasa, ya saki.

"Inna, ɗaga."

Yatsun suka motsa. Hannun ya yi rawa, ya rabu da cinya, ya tashi da kansa har ya kai ƙirji.

"Atika! Gwaggo! Ku zo ku gani!" Gwadabe ya miƙe yana ihu kamar yaro.

Hannun bai tsaya ba. Ya ci gaba da hawa a hankali, yana karkarwa, har ya kai goshi. Yatsun suka laluba suka kama gefen mayafi, suka ja shi ƙasa ya rufe fuskar ruf. Inna ta juya ta fuskanci bango.

Atika da Saratu suka shigo da sauri. Can daga ƙarƙashin mayafin muryarta ta fito, kuma da Saratu take magana.

"Ki gaya wa wancan an gode. Allah Ya yi albarka. Ya koma zaure."

Gwadabe ya haɗiye labarin da ya zo da shi. Ya sauke idonsa ƙasa, ya ja da baya har ya fita. A zaure ya zauna ya kifa kai a gwiwa ya fashe da kuka, irin na ƙato, mai sauti. Maƙwabta suka jiyo suka taho da sauri suna gyara hula, mai unguwa a gaba.

"Inna lillahi. Ta cika?"

Ya girgiza kai, yana share hanci da hannun riga. "A'a, Baba. Ta warke."

Inna Maijidda ta yi shekaru masu yawa bayan nan, har ta koma gaban tandarta tana juya waina da hannun nan na dama. Dattawa suka yafe wa Gwadabe, suka ce lalura ce, yanzu ga shi ya koma gaida bango kamar ɗan mutunci. Bai ƙara ganin fuskarta ba har ta koma ga Allah. In ya taso daga asibiti da labari mai daɗi, yakan biya ta gidan duk da haka, ya tuɓe takalmi, ya zauna da labarinsa a zaure har a kira magariba.